Daga Kututture Zuwa Taga: Itacen Gona da Aikin Kafinta a Cadakori, Agye da Gazawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ko itatuwan da manoman jihar Maraɗi suka raya ta hanyar sassabin zamani za su iya ba da katakon taga. Ta auna halayen gawo, ƙirya, marke, maɗaci da dogon yaro da abin da taga ke buƙata, ta bi yadda laima da hunturu ke motsa katako, sannan ta duba abubuwan da ake shafa masa don kariya. Matsayarta ita ce taga ƙaramin aiki ce da gona za ta iya ɗauka, dogon yaro ya fi cancanta a fara da shi, kuma busarwa ta fi fenti muhimmanci.

Gabatarwa



Duk wanda ya ratsa garuruwan ƙaramar hukumar Cadakori a gundumar Gidan Runji, ko ya bi babbar hanya daga Maraɗi zuwa Agye da Gazawa, zai lura cewa sabon gini tagarsa ta ƙarfe ce. Mai walda ne ya yi ta, ya shafa mata shuɗi ko kore, aka ɗauko ta a amalanke ranar kasuwa. A tsofaffin shigifu kuma ƴar kafa ce a can sama kusa da rufi, wadda ake toshewa da tsumma idan hunturu ya kankama. Tsakanin waɗannan biyu akwai tagar langa-langa da aka buga a kan siririn farin katako, wadda ba ta cika shekaru kaɗan gara ba ta gama da ita ba.

Kuma waɗannan gundumomi su ne duniya ke buga misali da su wajen dawo da itatuwa. Gonakin da suka yi fayau a farkon shekarun 1980 yau suna cike da gawo da kalgo da sabara. To me ya sa ƙasar da ta dawo da itace take sayen katakonta daga kudu, ta kan iyakar Jibiya da Ɗan Isa? Tambayar da maƙalar ta sa gaba ke nan.

Yadda itacen ya dawo

Labarin sananne ne, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa wajen renon dashe, mafi yawansa kuma bai rayu ba. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya gane cewa tohon da manomi ke sassabewa kowace bazara yana fitowa ne daga kututturen da saiwarsa ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa barin toho, wato sassabin zamani, da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari. Da abincin ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan suka sha gatari. Waɗanda suka bar nasu ne suka zama malaman sauran, ba tare da wani ya biya su ba. Daga baya binciken su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou, wanda ya haɗa hotunan sama da zagayen gonaki, ya kiyasta cewa abin ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. A gundumar Agye, garin Ɗan Saga ya yi suna da kwamitinsa na tsaron itatuwa, da tallafin ayyukan asusun IFAD.

Abin da ya shafe mu shi ne irin itacen da wannan aiki ke bayarwa. Manomi yana isa kan kututture ya tarar da toho goma ko fiye. Sai ya zaɓi biyu zuwa biyar masu ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran da kaifin gatari yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, ya share ƙananan rassa har zuwa rabin tsayi. Shekara ta zagayo ya cire ɗaya, ya bar wani sabo ya maye gurbinsa. Wannan tsari ne na samun itacen girki, da dirkar rumfa, da sandunan rumbu, da ƙotar fartanya, da harawar dabbobi. Manomi ya samu abin da ya nema. Amma katako yana son gangar jiki ɗaya, miƙaƙƙiya, marar gaɓoɓi da yawa, wadda aka bari ta yi kauri shekara da shekaru. Ba a tsara sassabin zamani don wannan ba, kuma babu laifin kowa a ciki.

Abin da taga ke buƙata

Azarar rufi tana son tsayi, ƙofa tana son faɗi. Taga ba ta son ko ɗaya. A ɗauki taga mai faɗin santimita 60 da tsayin 80, da firam mai kaurin santimita 5 a kan 7, da murfi mai kaurin santimita biyu da rabi. Idan aka lissafa, duk katakon da za ta ci bai wuce kashi biyu da ɗan wani abu cikin ɗari na kubik mita ɗaya ba, kuma babu guntun da ya kai mita guda. Gungume mai kaurin santimita 30 da tsayin mita 2, ko da kashi ɗaya cikin uku kawai aka tsira da shi bayan zarto, zai fitar da taga biyu. Lissafin takarda ne, amma ya isa ya nuna cewa karkataccen itacen da ɗan kasuwar katako zai raina yana da guntayen da suka ishi kafinta.

Akwai kuma dalilin da ya sa ya dace a damu. Ƙarfe yana wuce da zafi fiye da katako sau ɗaruruwa. Tagar ƙarfe da ke fuskantar yamma a watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, ba a iya dafa ta da la'asar, kuma zafin cikin ɗaki take zubawa. Ginin ƙasa yana da sanyi, sai mu huda shi mu sa masa murhu. Ban ce tagar ƙarfe ba ta da amfani ba: gara ba ta cin ta, ɓarawo yana shan wahalarta, kuma matasa da yawa suna ci daga walda. Amma a ajin makaranta, da ɗakin kwanan yara, da ɗakin ajiyar magani, katako yana da hujja.

Halayen itatuwan

Kafin a ambaci kowane itace, sai an raba jan ciki da farin gefe. Idan aka tsaga gungume za a ga tsakiyarsa ta fi duhu, gefen da ke bin ɓawo kuma fari ne. Tsakiyar ce ke ɗauke da sinadaran da ke korar gara da ruɓa. Farin gefe cike yake da abincin ƙwari, ko na wane itace ne. Yawancin ƙorafin da ake yi cewa itacen gida ba ya ƙarko daga nan ya samo asali, domin ƙaramin itace kusan dukansa farin gefe ne.

Gawo shi ne sarkin gona, saboda yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ba dabbobi ƴaƴa da rani. Katakonsa kuwa mai laushi ne, ƙwari na huda shi, gara na son sa. Amfaninsa a tsaye ya ninka amfaninsa a kwance, don haka a fitar da shi daga wannan lissafi. Kalgo da sabara da geza, waɗanda su ne mafi yawa a gonakin da aka raya, ba sa yin kaurin da zarto zai shiga.

Ƙirya tana can ɗaya gefen. Nauyin busasshiyarta yana kaiwa kilo 900 zuwa sama a kubik mita, gara ba ta iya mata, shi ya sa masassaƙa ke neman ta don turmi da taɓarya, maƙera kuma don gawayi. Wannan farin jini ne ya cinye ta a wurare da dama. Tana dakushe zarto, kuma ƙusa ba ta shigarta sai an fara hudawa. Marke ma haka yake wajen nauyi da tauri, ga shi da saurin tsagewa idan yana bushewa, jan cikinsa kuma kaɗan ne. Idan an samu ƙiryar da ta faɗi da kanta, wurin da ya dace da ita shi ne dokin ƙasa na firam, inda ruwa ke kwanciya. Sare mai rai don taga kuwa asara ce. Gwajin da masu binciken ICRAF da INRAN suka yi a tashar Sadore kusa da Yamai ya nuna cewa irin ƙiryar da aka ɗebo daga wurare masu ƙarancin ruwa ya fi rayuwa da girma. Wannan darasi ne ga mai son dasa ta a arewacin Gidan Runji: ya nemi irinsa a kusa, kada ya ɗauko daga kudu.

Maɗaci shi ne katakon kafinta na gaske, ja, mai karɓar gogewa, mai nauyin da ya kai kilo 700 zuwa 800 a kubik mita. Sai dai wanda ya rage a tsaye yawancinsa na bakin hanya ne da na tsofaffin ma'aikatu, kuma masu magani sun sassaƙe ɓawonsa, makiyaya sun sha datse rassansa. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa shi cikin itatuwan da aka kare, tare da gawo da giginya da goriba da madobiya. A taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama a watan Nuwamba 2022 an sa maɗacin Afirka cikin jerin da ake sa wa cinikinsa ido, bayan an ga yadda kasuwar Sin ta kwashe madobiya daga dazuzzukan Afirka ta Yamma. Maɗaci na jikoki ne, idan mun dasa yau.

Saura dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi ko darbejiya. Baƙo ne daga ƙasar Indiya, amma babu garin da ba ya inuwarsa yanzu. Dangi ɗaya ne da maɗaci, jan cikinsa ja-ja ne mai matsakaicin nauyi, yana jure gara gwargwado, yana karɓar zarto da ƙusa. Ya fi sauran da abu uku: yana girma da sauri, yana sake toho idan an sare shi, kuma ba ya cikin jerin da doka ta kare. Shingen iska na kwarin Majiya a jihar Tawa, wanda ƙungiyar CARE ta fara da shi a 1975, ya nuna cewa ana iya girbe shi a kai a kai ba tare da an kashe shi ba. Aibinsa shi ne zarensa a sarƙe yake, yakan yi gashi a ƙarƙashin abin goga idan bakin bai da kaifi, kuma manoma ba sa son sa a tsakiyar gona saboda inuwarsa da saiwarsa na danne gero. Wurinsa iyakar gona, da bakin hanya, da harabar makaranta. A ganina da shi za a fara.

Laima da hunturu

Nan ne aikin yake lalacewa, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Katako yana shan laimar iska yana kuma fitar da ita har abada, ko bayan shekara hamsin da sare shi. A watan Agusta, lokacin da laimar iska ke kaiwa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, ruwan da ke cikin katako yana tsayawa wajen kashi 14 zuwa 16. A tsakiyar hunturu da bazara, da laimar ta sauka ƙasa da kashi 20, ruwan katakon yana komawa kashi 4 ko 5. Tazarar kashi goma ke nan a shekara guda, abin da kafintan Turai ba ya gani a ƙasarsa. Katako ba ya raguwa ta tsayi sai ɗan abin da ba a lura da shi, amma ta faɗi yana iya raguwa da kashi biyu zuwa uku cikin ɗari a irin wannan tazara. Murfin taga mai faɗin santimita 60 da aka jera da alluna zai iya motsawa da santimita ɗaya da rabi. Shi ya sa tagar da aka yi da damina take buɗe baki da hunturu har ƙura na shiga, wadda aka yi da rani kuma take cijewa a Agusta sai an sa kafaɗa.

Katakon da ke zuwa daga kurmin kudu ya fi shan wannan wahala, domin da laimar can yake isowa, sau da yawa ma ɗanye. Kafinta ya saya yau, ya yanka gobe, saboda jarinsa bai kai ya ajiye kaya wata uku ba. Mai gida ya ga taga ta murɗe, sai ya yanke hukunci cewa katako ba abin yarda ba ne, ya tafi wurin mai walda.

Maganin ba ya buƙatar inji. A tsaga gungume tun yana ɗanye, a jera allunan a kan dakali ko duwatsu da suka ɗaga daga ƙasa kamar kamu biyu, a sa ƴan siraran sanduna busassu tsakanin kowane layi, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta, a ɗora nauyi a sama, a yi rumfa. Bakin allo ta nan ruwa ya fi gudu, ta nan kuma tsagewa ke farawa, don haka a shafe shi da tsohon fenti ko kakin zuma. Matsalarmu a nan saurin bushewa ce: iskar hunturu tana busar da bayan allo cikinsa na jiƙe, sai ya tsage. A makonnin farko a kare tarin da zana ta gefen gabas da arewa. Sanin ko ya bushe kuma ba sai da na'ura ba. A ware allo ɗaya a riƙa ɗora shi a kan sikelin mai awon hatsi kowane mako, a rubuta nauyin a jikinsa da gawayi. Ranar da nauyin ya daina sauka, ya daidaita da iskar wurin.

Sauran dabarun na kafinta ne. Allon da aka tsaga daga ɓawo zuwa tsakiyar gungume motsinsa kusan rabin na wanda aka tsaga ta gefe ne. Murfi kuma a yi shi da firam da alluna ƙanana da ke zaune cikin kwarmi ba tare da gam ko ƙusa ba, su samu wurin numfashi.

Gara, ruwa da abin shafawa

Gara daga ƙasa take zuwa, ta cikin bangon laka take hawa, kuma ta bayan firam take shiga inda ido ba ya gani. Mai gida yana kallon fenti lafiya lau, ranar da ya danna da yatsa sai ya burma. Saboda haka fentin da aka shafa bayan an kafa taga ya makara. Kowane gefe na katakon, musamman bayansa da bakunansa, a shafe shi tun yana hannun kafinta. A kuma raba shi da laka da zoben siminti ko jan bulo, yadda gara za ta fito fili ta gina hanyarta a inda tsintsiya za ta same ta. Magina sun san cewa hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ke shan duka. Tagar wannan gefe tana son ƴar rumfa a samanta, da doki mai gangare zuwa waje, kuma kada indararo ya zuba kusa da ita.

Abin da aka fi shafawa a karkara shi ne baƙin mai, wanda aka juye daga inji. Yana da arha, yana korar gara na wani lokaci, ba na musun wannan. Amma yana ɗauke da ƙarafa masu guba da sinadaran da ke jawo ciwon daji, yana narkewa da zafi ya ɓata tufafi, fenti kuma ba ya kama katakon da ya sha shi. A gindin dirkar da za a binne ana iya yi masa uzuri. A tagar ɗakin da yara ke kwana suna dafawa, bai dace ba.

Banish mai sheƙi yana burge mai saye a shago. A rana kuwa haske yana ratsa shi ya cinye fuskar katakon da ke ƙarƙashi, sai ya fashe ya riƙa ɓarewa, gyaransa kuma sai an kankare duka. Na cikin ɗaki ne. A waje fentin mai ya fi, shafin farko mai ruwa-ruwa don ya shiga jiki, sannan shafi biyu, kuma launi mai haske, domin baƙi da shuɗi mai duhu suna tara zafi su ƙara tsaga katako. A kula da fentin da ake saye, don an sha samun dalma a fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin Afirka ta Yamma, ita kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Man ƴaƴan dogon yaro, wanda mata ke tatsa don sabulu, yana korar ƙwari, sai dai rana tana kashe ƙarfinsa da wuri, don haka shafi ne na maimaitawa duk shekara kafin damina. Gishirin boraks da ake jiƙa ɗanyen allo a cikinsa yana kare farin gefe, cutarwarsa ga mutum kaɗan ce, amma ruwa na wanke shi idan ba a rufe da fenti ba. Akwai kuma bagaruwar da majema ke jima da ita, da makubar ɗorawa da magina ke kare bango da ita. Waɗannan sun cancanci gwaji na tsanaki a kan katako: a binne guntaye kusa da shuri, wasu da shafi wasu babu, a riƙa auna su. Aiki ne da ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi zai iya yi da kuɗi kaɗan.

Doka da haƙƙi

Manomi ba zai bar itace ya shekara goma sha biyar ba sai ya tabbata shi zai sare shi. A ƙarƙashin dokar 1974 mutum yana iya shan tara a kan itacen da ke cikin gonarsa, abin da ya koya wa mutane cewa toho fitina ne, gara a kawar da shi tun yana ƙarami. Dokar karkara ta 1993, da dokar gandun daji ta 2004, da kuma dokar da gwamnati ta fitar a watan Yulin 2020 kan sassabin zamani, sun matso da haƙƙin zuwa hannun wanda ya raya itacen. Abin da ya rage shi ne hanya mai sauƙi daga gona zuwa shagon kafinta: takarda ɗaya da ke shaida cewa wannan gungume na gonar wane ne, wadda jami'in da ke bakin hanya zai karɓa. Idan babu ita, katakon gida zai ci gaba da tafiya da dare, kuma ba za a iya bambanta na gona da wanda aka sato daga gandun Ɗan Kada Dodo ko Ɗan Gado ko Baban Rafi ba. Wannan haɗari ne na gaske. Kasuwar katako da ba ta da shaida tana iya cinye abin da aka shekara arba'in ana rayawa.

A kuma tuna da mata, waɗanda itacen girki ke wuyansu, da makiyaya masu buƙatar ganye da rani. Itacen da aka ware don katako dole a riƙa datse rassansa na ƙasa don ya miƙe, waɗannan rassa kuwa nasu ne. Idan aka killace shi aka hana su, gatarin dare zai raba gardama.

Kira

Ina roƙon hukumomin Cadakori da Agye da Gazawa su ware aji ɗaya cikin azuzuwan da za su gina, a sa masa tagogin dogon yaro da aka busar yadda ya kamata, a bar na kusa da shi da na ƙarfe, a auna zafin ɗakunan biyu da halin tagogin har damina uku. Ma'aikatar gandun daji ta fito da takardar shaidar itacen gona a matakin ƙaramar hukuma. Masu ba da bashin sana'a kuma su dubi kafinta, domin abin da ya fi buƙata shi ne jarin da zai bar katako ya kwanta a rumfa har ya bushe.